Baba Bernard Mai Auna Ruwan Batir

Kafin masinjoji su gama share ofisoshin da masu su ba za su shigo ba sai goma ta gota, Baba Bernard ya riga ya jingine kekensa a jikin darbejiyar da ke bakin hanyar Kiyawa, can ƙarshen Yalwawa. Yakan buɗe rumfarsa ta kwano, ya yayyafa ruwa a ƙasa, sannan ya bi batiran da ke jere a kan katako yana ɗora musu bayan hannu ɗaya bayan ɗaya, kamar malamin asibiti mai zagayen safe. Wanda ya ji ya ɗau zafi sai ya rage masa wuta. Bayan nan ne yake zaro kayan aikinsa daga cikin wata tsohuwar safa. Kwalba ce siririya ta gilashi, tsawonta bai kai kamu ɗaya ba, da robar matsawa a kanta, da ɗan bututu a gindinta, a ciki kuma wani ɗan gilashi mai lambobi yana kwance. Masu boko suna da dogon sunan da suke kiranta da shi. Direbobin Dutse allura suke ce mata, shi ma haka yake cewa.

Aikin allurar ba shi da wuyar faɗa. Batirin mota ɗaki shida gare shi, kowane da murfinsa, kowane da ruwan batir a ciki, wato asid da aka sirka da ruwa. Asid ya fi ruwa nauyi. In batir ya ƙoshi da caji, asid yana cikin ruwan, ruwan ya yi nauyi. In caji ya sauka, asid ya shige cikin farantan dalmar da ke ciki, ruwan ya zama salam. Baba Bernard yakan matsa robar, ya zura bututun a ɗaki, ya saki, ruwa ya hau kwalbar ya ɗago ɗan gilashin nan. Sai ya sunkuya har idonsa ya yi daidai da fuskar ruwan, ya karanta. In ya tsaya wajen dubu ɗaya da ɗari biyu da sittin, batir lafiya lau yake. In ya nutse zuwa dubu da ɗari da ashirin, yunwa yake ji. In ɗaki biyar suka ce abu ɗaya, na shida ya ce wani, wannan ɗakin ya mutu, sai dai haƙuri. Ya mayar da ruwan inda ya ɗebo shi, ya wuce ɗaki na gaba. Bai taɓa tsallake ɗaki ba, ko da mai motar na tsaye yana kaɗa makulli yana duban agogo.

Mu mutanen gari hanyarmu ta fi sauri. Sifana ake ɗauka ko guntun waya, a haɗa kawunan batir biyu. In tartsatsi ya tashi kowa ya ja da baya, sai a ce da ransa. Duk wanda ya yi haka a gaban Baba Bernard tambaya ɗaya yake sha: "Ka taɓa ganin likita ya gwada lafiyar mutum ta hanyar kwaɗa masa mari?"

Mutumin ƙasar Jos ne. A garejin masu haƙar kuza a Bukuru ya koyi aikin, ya yi shekaru a Sabon Garin Kano, ya iso Dutse shekara guda bayan an ba mu jiha. Lokacin ma'aikata na ta tasowa daga Kano da fayiloli da kujeru da tsofaffin Fijo da aka samu a rabo. Jihar sabuwa fil, motocinta kuwa sai an tura. Wasu sun zo Dutse saboda muƙami, wasu saboda kwangila, wasu saboda an ce in ba su zo ba a bakin aikinsu. Shi motocin ya biyo, don ya san halin kowace, ya san ba za su rayu a baƙon wuri babu shi ba.

Abu na farko da ya gane shi ne ruwan rijiyoyinmu ba ya shiga batir. Tataccen ruwa kuwa a lokacin sai an je Kano. Don haka kowace damina, in Agusta ya yi tsaka sama ta gama wanke kanta, sai ya shimfiɗa bahunan roba a tsakar gida, nesa da indararo, ya tari ruwan sama kai tsaye, ya tace da farin ƙyalle, ya ɗura a jarkoki. Ruwan farkon damina ba ya so, wanda ya bi ta kan kwano ma ba ya so. Matarsa, Mama Kaneng, wadda ke da shagon ɗinki a Yalwawa, ta ce shekara goma sha biyu ke nan in hadari ya haɗo matan unguwa kayan shanya suke rugawa kwashewa, ita kuwa bahunanta take rugawa ɓoyewa, kuma ba ta taɓa riga shi ba.

Shaidunsa suna da yawa, kuma ba duka ne suka ji daɗin haɗuwa da shi ba. A ofisoshin gwamnati akwai mutanen da labarin mutuwar batir ya fi faranta musu rai a kan labarin haihuwa, tunda mutuwar tsoho ce ke kawo sayen sabo. Irin waɗannan sukan aiko da batir da saƙon a rubuto cewa ya mutu. Sai ya auna, ya yi masa caji, ya mayar musu da shi da rai, da gaisuwa. Akwai kuma ladanin wani masallaci a Limawa da muryarsa ta yi shekara tara tana fita da cajin rumfar nan. Ladanin ya ce ko sau ɗaya lasifika ba ta taɓa yanke masa kiran salla a tsakiya ba, illa makon da ya gwada wani mai cajin, kuma ya tuba.

Amma abin da ya sa direbobi suke cire masa hula ya faru ne a bazarar shekarar da ta biyo bayan ƙaddamar da shari'a, lokacin da kalmar sata ta yi nauyin da ta daɗe ba ta yi ba. Ko a wasa aka ce wa mutum ɓarawo sai ya waiga ya ga wa ya ji.

A wata ma'aikata da ba sai an ambaci sunanta ba akwai direba, Malam Muntaka, mutumin Kiyawa. Shekararsa goma sha bakwai a aiki, tun daga Kano, ba a taɓa ba shi takardar tuhuma ba. Shi ke jan Fijon Darakta. A samansa akwai jami'in sufuri, Malam Falalu, wanda ya taɓa zuwa kwas na mako biyu a Kaduna, ya dawo da satifiket a cikin gilashi da kuma doka: daga yau babu direban da zai buɗe bonet sai a gabansa. Kowace safiya yakan jera motocin ma'aikatar ya bi su da kansa yana dubawa, direbobi na tsaye a gefe hannu a baya. Fareti suke kiran abin, in ba ya kusa.

Aka sayo wa Fijon sabon batir daga Kano. Wata biyu bai cika ba ya fara nauyin tashi. Yau a tura, gobe a tura. Ranar da Darakta da kansa ya naɗe babbar riga ya tura mota a gaban jama'a a bakin kasuwa, ranar aka tabbatar lalle akwai mai laifi.

Malam Falalu ya yi bincike, kuma bai sha wahala ba. Muntaka yakan tafi da motar gida Kiyawa ran Juma'a. Muntaka yana da ƙaramar talabijin mai baƙi da fari, wadda maƙwabta ke taruwa kallo a ƙofar gidansa in babu wuta. Talabijin irin wannan da batirin mota take aiki. Ashe batirin gwamnati ake cirewa a nishaɗantar da mutanen Kiyawa har ya tsotse. Muntaka ya rantse yana da nasa tsohon batirin na babbar mota. Aka ce ai dama haka zai ce. Aka ba shi takardar tuhuma, aka karɓe makulli, aka kafa kwamiti a ƙarƙashin Hajiya Bilki, shugabar sashen ma'aikata. Malam Falalu ya riƙa faɗa a baranda cewa kora ce mafi sauƙin abin da zai biyo baya, cin amanar dukiyar jama'a yanzu gaban alƙali ake kai shi. Maganar ta riga Muntaka isa Kiyawa. Matarsa Maijidda ta daina zuwa gidan suna.

Hajiya Bilki mace ce da ba ta son sa hannu a kan abin da ba ta gani ba. Ita ma motarta wajen Baba Bernard ake kaiwa. Ran Litinin da hantsi ta sa aka ɗauko batirin, ta taso da Malam Falalu da Muntaka zuwa gindin darbejiya.

Ta ce, "Baba, shari'a muka kawo maka."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, an yi ɓatan kai. Kotu tana can gaba."

Ta zayyana masa abin da ake ciki. Muntaka na rakuɓe a jikin bishiya, hularsa a hannu. Ya ce, "Baba, ai ka san batirina na gida. Kai kake yi mini cajinsa."

Malam Falalu ya ce, "Kin ji ko, Hajiya? Abokin cinikinsa ne. Wace shaida za a karɓa a nan? Kuma ma dai..." Bai ƙarasa ba, amma kowa ya ji abin da ya haɗiye, wato Baba ba Musulmi ba ne.

Baba Bernard bai ɗago kai ba, yana kwance murafen batirin yana jera su a kan katako. Ya ce, "Malam Falalu ya yi gaskiya. Kada a karɓi maganata. Ni ba shaida zan ba da ba, awo zan yi. Lambar kuma ba ni zan karanta ba, ku za ku karanta. Ranka ya daɗe, matso. Sunkuya kaɗan, idonka ya yi daidai da ruwan. Me ka gani?"

Malam Falalu ya tattare riga ya sunkuya. "Dubu ɗaya da ɗari da goma."

Aka bi ɗaki shida, duka bakinsu ɗaya.

"Me hakan ke nufi?" in ji Hajiya.

"Ruwan ya yi salam. Asid ba ya cikinsa."

"Wato an tsotse cajin," in ji Malam Falalu, fuskarsa ta washe. "Ai na faɗa. Hajiya, sai mu koma ofis a rubuta."

Muntaka ya zame ya zauna a kan saiwar bishiya.

Baba Bernard ya ce, "Zai yiwu hakan ne. In talabijin ce ta shanye shi, asid yana nan a maƙale cikin farantai. In na ba shi wuta a hankali, kwana ɗaya, zai fito ya koma ruwan, lamba ta hau dubu da ɗari biyu da sittin. In ta hau, ba ni da abin cewa, Malam Muntaka ya san inda zai kai kukansa. In ba ta hau ba, to asid ba ya cikin batirin nan gaba ɗaya, sai mu tambayi inda ya tafi."

"Kwana ɗaya? Rahoto ake jira yau."

"Ranka ya daɗe, mutumin nan shekara goma sha bakwai ya yi muku. Ku ara masa kwana ɗaya."

Hajiya Bilki ta ce an ara. Malam Falalu ya ce to wa ya san abin da za a zuba a ciki in sun juya baya? Baba Bernard ya ce wannan tunani ne na mai ilimi, ya miƙa masa salatif da biro. Malam Falalu ya liƙe murafen shida, ya rattaba hannu a kan kowane, har da kwanan wata. Baba ya bi da tsinin allurar ɗinki ya huda wa kowane ƙofar numfashi, ya jona waya, ya sa wuta can ƙasa.

Kwana ɗayan ya zama biyu, domin ran Talata masu wuta sun tuna da wata unguwar. Muntaka ya yini a rumfar yana kallon batirin kamar mai jinya. Ya ce ko za a ƙara wutar in ta dawo, abin ya yi sauri? Baba Bernard ya ce wuta mai yawa dafa batir take yi, ba ta ƙosar da shi. Da azahar Mama Kaneng ta aiko da abinci kwano biyu. Muntaka ya ce ba ya jin yunwa. Baba ya ce, "Ci. In an kore ka kana buƙatar ƙarfin noma, in ba a kore ka ba kana buƙatar ƙarfin turin mota."

Ran Laraba da safe kwamiti ya dawo a cikin Fijon, da aron batir, wani direban na ja. Labari ya zaga, direbobi kusan goma sun sami dalilin bi ta hanyar Kiyawa. Malam Falalu ya duba sa hannunsa shida, ya tabbatar babu wanda ya taɓa, ya ɓare da kansa. Ɗakunan na ta ƙananan kumfa, alamar batir ya karɓi iya abin da zai karɓa. Baba Bernard ya bari ya huce, ya zuƙo ruwa, ya ce wannan karon Hajiya ce za ta karanta.

Ta gyara tabarau ta sunkuya. "Dubu da ɗari da hamsin."

Ɗaki na biyu haka, na uku haka, har na shida.

"A ƙara masa kwana," in ji Malam Falalu.

"Ko wata za a ƙara masa, nan zai tsaya. Ya ba da duk abin da ke cikinsa. Talabijin caji take sha, ranka ya daɗe, ba ta shan asid. Batirin nan ba tsotse shi aka yi ba. Sirka shi aka yi da ruwa, kaɗan-kaɗan, har ya zama kamar kunun gidan marowaci. A buɗe mini bonet."

Aka buɗe. Ya ɗaga batirin aro, ya nuna mazauninsa. Farin gari ya cinye ƙarfen, fenti ya kwaile har ƙasa.

"Ga inda asid ɗinku ya tafi. In aka cika batir har baki, mota na tafiya yana zafi yana kumfa, sai ya amayar. Abin da ya amayar asid ne, abin da aka mayar masa ruwa ne. A yi haka kullum wata biyu, ga abin da za a samu. Malam Muntaka, sau nawa kake ba shi ruwa?"

Muntaka ya miƙe da sauri. A fuskarsa ana ganin mutumin da ya samu damar faɗin alheri a kan ubangidansa, ko zuciyar ogan ta yi sanyi. Ya ce, "Ni? Wane ni. Ai Oga ba ya wasa da batirin nan. Wallahi Baba, ko ɗansa bai kula da shi haka ba. Kullum a fareti, in ya idar da alwalar walha, ragowar ruwan butarsa a nan yake ƙarar da shi, ɗaki-ɗaki, sai ya ga ya tumbatsa. Ko ranar da yake zazzaɓi sai da ya fito ya cika shi. A nan kam ba wanda zai ce Oga ya yi sakaci."

Wani direba ya juya baya yana nazarin ganyen darbejiya, kafaɗunsa na rawa.

Malam Falalu ya yi gyaran murya. "A kwas an ce mana kada a bar batir da ƙishi."

"Gaskiya suka faɗa muku," in ji Baba Bernard. "Sauran maganar ita ce ruwa ya rufe farantai da faɗin yatsa ɗaya, a tsaya nan. Kuma ba ruwan buta ba. Wataƙila a mako na uku ake koyar da wannan."

Hajiya Bilki ta dubi hannun rigar Malam Falalu, inda ƙananan huji suka yi jere kamar aikin zubi. Ta ce, "Malam, ashe ba asu ba ne ke cin rigunanka, asid ne. Ka je ka ba Hajiyarka haƙuri, ta ce mini ta zazzage akwatunanka sau uku."

Nan dariya ta ɓalle. Sai a lokacin Muntaka ya gane abin da bakinsa ya aikata. Ya durƙusa a gaban mutumin da ya yi mako biyu yana neman a kai shi gaban alƙali, yana cewa, "Oga ka yafe ni, wallahi yabonka na yi niyya."

Ana iya barin Malam Falalu a nan, a tsakiyar direbobinsa, da hujin riga da satifiket. Da yawa daga cikinmu da mun bar shi, har mu ƙara masa da labari a majalisa. Baba Bernard ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Shekara arba'in ina wannan aiki. Batiran da sakaci ya kashe ba su ƙirguwa. Wannan ne na farko da na ga kulawa ta kusa kashewa. Da kowane jami'i yana buɗe bonet kullum kamar Malam Falalu, da na daɗe da komawa gona. Ranka ya daɗe, ga jarkar ruwan sama, ka riƙa duba su ran Litinin kawai."

Malam Falalu ya karɓi jarkar. Ya kamo hannun Muntaka ya tashe shi, ya karɓo makullin Fijo daga hannun direban da ya jawo motar ya sa masa a tafi. A ma'aunin jami'an sufuri wannan dogon ban haƙuri ne.

Baba Bernard ya juye ruwan batirin, ya haɗa sabo daidai awo, ya zuba. Batirin ya ƙara shekara biyu yana aiki. Hajiya Bilki ta rubuta a gefen takardar tuhumar da jan biro, "Ba shi da laifi," ta sa hannu. Masu daɗewa a aikin gwamnati sun san ba kasafai ake ganin wannan jimlar a fayil ba. Abin da aka saba rubutawa shi ne a ajiye sai an neme shi. Mako na zagayowa wata sanarwa ta fito daga ofishin sufuri tana gargaɗin direbobi a kan illar cika batir da ruwa, da sa hannun Malam Falalu a ƙasa, babba.

Baba Bernard, kai ne ka ƙi a karɓi maganarka, ka sa mai ƙara ya karanta lambar da idonsa. Kai ne awon farko ya ba ka amsar da kowa ke jira, ka ce a dakata, domin amsa ɗaya tana iya fitowa daga dalili biyu. Ba ka san ran Litinin ɗin nan abin da Laraba za ta nuna ba. Da lamba ta hau, da ka faɗa, ko da Muntaka na zaune a gabanka da kwanon abincin matarka a hannu, kuma shi ma ya san haka. Shi ya sa da ba ta hau ba babu wanda ya yi musu. Na Kaneng, mai allurar da ba ta huda kowa. Ka fid da direba daga rami ba tare da ka tura ogansa ciki ba.

Ba a taɓa kiranka taro an ba ka lambar yabo ba. Ka yi sa'a, domin da an kira ka da ka yini a rana kana jiran babban baƙo, batiran mutane na dahuwa a rumfa.

Yanzu ido ya fara gardama. Lambobin ɗan gilashin sun ƙanƙance, in ji shi, ko da yake Mama Kaneng ta ce lambobin suna nan yadda suke. Ga kuma sababbin batira da ke shigowa a rufe ruf, babu murfi babu ɗaki, in sun mutu sai dai a ji labari. Ya ce ba zai zauna yana duba da ka ba, wannan aikin wasu ne. Ƙarshen watan nan zai rufe rumfa ya koma ƙauyensu, inda ya ce dankali na jiransa.

Asabar da ta wuce direbobi suka haɗa masa walima a gindin darbejiyar. Aka kawo dabino buhu guda, aka gasa rago. Malam Falalu ya zo, ya yi jawabi mai tsawo a kan muhimmancin kula da batir. Da aka ce Muntaka ya yi magana, sai ya miƙe, ya cire hula, ya daɗe yana juya ta. Ya ce shi bai iya jawabi ba. Ya ce yana da 'ya'ya bakwai, babbar an ɗaura mata aure bara, kuma da dangin miji suka zo bincike Kiyawa, duk wanda suka tambaya ya ce musu 'yar Muntaka direba ce, mutumin kirki. Ya ce abin da ya sani ke nan. Ya zauna.

Mun gode, Baba Bernard. Allah Ya kai ka gida lafiya, Ya ba dankali albarka, Ya bar ka da Mama Kaneng da bahunanta. Mu kuma da aka bari a Dutse da fayiloli da biro, da alƙalanci a majalisar ƙofar gida, za a ci gaba da kawo mana sunayen mutane ana cewa rahoto ake jira yau. Kafin mu sa hannu, mu ara wa mai sunan kwana ɗaya. In masu wuta sun ɗauke, mu ara masa biyu.